Ranar da Kalangu Zai Sake Kwana a Faskari

Mai son sanin ko hanyar Sheme zuwa Ƙanƙara ta yi lafiya yana da wurare uku da zai kai tambayarsa. Zai iya sauraron sanarwar gwamnati a rediyo. Zai iya zuwa tashar mota a Funtuwa ya ji ta bakin direbobi. Zai kuma iya neman wani jagoran makaɗa ya tambaye shi yaushe rabonsa da ya yi wasa a ƙauye har tsakar dare, ya kwana a can, ya kamo hanya da safe da kuɗinsa a aljihu. Amsar ta uku ita ce mafi nauyi, kuma ita ce ba a cika nema ba.

Dalilin nauyinta a bayyane yake. Direba wucewa yake yi, idan ya ga abin da bai gamshe shi ba ya juya kan mota. Ɗan kasuwa yana cin kasuwarsa da rana, kafin la'asar sakaliya ya ɗaure kaya. Jami'in tsaro da bindigarsa yake tafe. Shi kuwa makaɗi sana'arsa ba ta tsayuwa sai abubuwa biyar sun haɗu a wuri ɗaya: dare, taron jama'a, kuɗi a fili, baƙin fuska, da ƙara mai kai wa nesa. Waɗannan biyar ɗin su ne ainihin abubuwan da mutumin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ya koyi gudu a shekarun nan. Saboda haka duk garin da makaɗi ya iya kwana a cikinsa bayan wasa, garin ya samu lafiyar da ta wuce ta takarda.

Daga asuba zuwa asuba

Masu kallo suna ganin sa'o'i uku ko huɗu na wasa. Sauran sa'o'i ashirin na yinin makaɗi hanya ce da jira da lissafi.

Aikin yana farawa kwanaki kafin tafiya, lokacin da mai biki ya aiko da goron gayyata da ɗan abin kafin alƙalami. A da, da zarar jagora ya karɓi goro magana ta ƙare, sai shirin tafiya. Yanzu karɓar goro ce farkon bincike. Wane gari ne? Wace hanya ake bi? Wa ya bi ta jiya? Akwai 'yan sintiri a garin? Mai bikin wane ne, kuma wa ya san shi? Jagora zai kira direban da ke jigila a wannan layin, ya kira wani tsohon mai masaukinsa, wani lokaci har da mahauci ko mai shayin bakin kasuwa, domin su ne ke fara jin motsin gari. Da safiyar tafiya zai sake kiran su duka, don labarin jiya ba ya tsare matafiyin yau.

Ƙungiyar makaɗan gargajiya ba ta tafiya da mutum ɗaya. Akwai jagora mai waƙa, akwai masu kalangu da mai kuntukuru, akwai 'yan amshi, akwai sanƙira mai gabatar da mutane yana faɗa wa jagora sunan wanda ya shigo fili da asalinsa da abin da ya bayar. A zamanin nan an ƙara mai kula da lasifika da janareta. Kowane ɗaya daga cikinsu magidanci ne ko mai shirin zama magidanci, kuma abin da aka samu a daren nan shi ne cefanen gidansa. Mota ɗaya ce ke ɗaukar su da kayansu, sau da yawa ta haya, ganguna a kan cinya saboda fata ba ta son a danne ta da kaya, ba ta son raɓa, ba ta kuma son zafin ƙarfen mota.

Sai shingaye. Mota mai ɗauke da maza takwas ko goma da manyan jakunkuna abin tsayarwa ce a kowane shinge, na soja ne ko na 'yan sanda ko na 'yan sa-kai. A sauke kaya, a buɗe jakar kalangu, a yi bayanin inda aka fito da inda za a. Fitaccen mawaƙi fuskarsa ce katin shaidarsa, wani lokaci ma a roƙe shi ya ɗan rera baiti kafin a ɗaga masa itace. Ƙaramin makaɗi kuwa ba shi da abin nunawa sai gangarsa da lambar wayar mai biki.

Idan an isa, akwai ladabin sauka. A kai gaisuwa wurin mai gari ko dagaci, a sanar da shi cewa baƙi sun iso. A sauka a zauren mai biki ko gidan wani makaɗin garin, a kawo ruwa da fura, a ɗan miƙe ƙafa a kan tabarma. Masu kalangu su duba tsarkiya, su shanya ganguna su sha iska. Jagora da sanƙira su keɓe da wani ɗan gari su ɗauki karatu: wane ne babban manomi a nan, wane ne ya dawo daga aikin hajji, wace ce uwar biki, wane gida ne ba ya shiri da wane. Wannan karatun shi ne jarin daren. Mawaƙin da ya kira sunan mutum ya haɗa shi da kakan da ba nasa ba ya yi asarar kyautar, ya kuma yi asarar garin.

A da, wasa yakan fara bayan sallar isha'i, ya kai har carar zakara. Hasken fitila, sanyin dare, da kammala aikin gida su ne ke fito da mata da dattawa, kuma da dare ne hannu ke sakewa. Yanzu a yawancin ƙauyukan wannan yanki an ja komai zuwa rana. A fara bayan azahar, a tashi kafin magariba, idonka ɗaya a kan masu rawa ɗaya a kan rana. Mutanen da za su yi kyauta mai tsoka suna gona ko kasuwa a wannan lokacin. Waɗanda suke nan kuma suna tauna abin da zai biyo bayan a kira sunansu a lasifika a ce sun ba da kaza.

Daga nan sai rabo. A zazzage abin da aka samu a gaban kowa, a cire kuɗin mota da na man janareta da na abinci, jagora ya ɗauki kasonsa, a raba saura bisa matsayi. Sannan tambaya ta ƙarshe, wadda a da ba tambaya ba ce: a kwana ko a koma? Kwana yana nufin zama a garin da kowa ya ga an ba ka kuɗi. Komawa yana nufin hanya da duhu. Jagora nagari a yau shi ne wanda ya iya zaɓe tsakanin waɗannan biyun ba tare da ya rasa yaro ko ɗaya ba.

Ƙasar da ta yi renon Shata

Abin da ya sa wannan labari ya fi ciwo a nan shi ne tarihin yankin. Kudancin Katsina, wanda mutanensa ke kira Karaɗuwa, ƙasar noma ce mai albarka: auduga a Funtuwa da Daudawa, masara da dawa a Ɗandume da Sabuwa da Faskari, kasuwar dabbobi da hatsi a Sheme. Inda amfanin gona ya yi yawa, nan biki ke yawa. Da kaka ta yi, aka sayar da auduga aka cika rumbu, sai aure da suna da kalankuwa da dambe da kokawa su ɓarke a lokaci ɗaya, makaɗa kuma su bi sawu daga wannan kasuwa zuwa waccan. Kalandar makaɗi kalandar manomi ce, wata ɗaya ko biyu a bayanta.

A wannan ƙasa aka haifi Mamman Shata, a Musawa. Ya zauna a Bakori, daga baya ya mai da Funtuwa gida, ya rasu a 1999 aka binne shi a Daura. Kafin rediyo da faifai su kai muryarsa ko'ina, ƙafarsa ce ta kai ta, kasuwa bayan kasuwa, biki bayan biki. Digirin girmamawa da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi a 1988 ya zo ne bayan shekaru masu yawa na kwana a zaurukan mutane. Duk wanda ya saurari waƙoƙinsa zai lura da yawan sunayen garuruwa da na direbobi da na masu masauki, abin da ke nuna inda ya samo kayan aikinsa. Littafin tarihinsa, Shata Ikon Allah, wanda ya fito a 2006 ƙarƙashin jagorancin Ibrahim Sheme, ɗaya daga cikin marubutansa shi ne Aliyu Ibrahim Ƙanƙara. Sunayen biyu kaɗai sun isa nuna yadda hanyar Sheme zuwa Ƙanƙara take a tsakiyar wannan tarihi.

A Funtuwa kuma Barmani Choge ta rayu har rasuwarta a 2013, tana yawo da ƙwaryarta da matan amshinta zuwa bukukuwan mata a birni da ƙauye. Ɗanmaraya Jos, wanda ba ɗan yankin ba ne, ya yi wa karen mota waƙar da ta fito da shi, domin shi ma tasha da hanya ne makarantarsa. Tun a 1957 masanin zamantakewa M. G. Smith, wanda ya yi bincikensa a ƙasar Zazzau mai maƙwabtaka, ya rubuta maƙala kan roƙo a ƙasar Hausa, inda ya nuna cewa maroƙi yana bayyana matsayin kowa a bainar jama'a, yana tuna wa mai hali abin da ake tsammani daga gare shi. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya rarraba makaɗan Hausa zuwa na sarauta da na sana'a da na maza da na jama'a. Idan aka cire na fada, waɗanda ke da ubangida guda da ke ɗaukar nauyinsu, duk sauran da tafiya suke ci.

Yadda aka ƙwace hanyar

Ƙananan hukumomin nan uku suna bakin iyaka ne. Ƙanƙara da Faskari suna kallon Zamfara, Sabuwa tana jingine da Birnin Gwari ta Jihar Kaduna, dazuzzuka kuma sun haɗe su ba tare da kula da layin taswira ba. A watan Yunin 2020 'yan bindiga suka afka wa Kadisau a Faskari suka kashe gomman mutane. A daren Juma'a, 11 ga Disamba na shekarar, aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. Daga ranar duniya ta san sunan garin, ta hanyar da mutanensa ba su so ba.

Matakan da gwamnati ta ɗauka don maganin abin su ma a kan hanya suka sauka. A ƙarshen watan Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu kan dokar da ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama har da na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ta kuma hana sayar da mai a jarka. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, waɗannan uku na ciki. Kowane mataki yana da hujjarsa ta tsaro. Amma a duba su da idon jagoran makaɗa: motar haya ita ce abin hawansa, kasuwar dabbobi ita ce inda masu yi masa kyauta ke samun kuɗi, jarka ita ce abincin janaretansa, waya kuma ita ce ofishinsa. An ɗage yawancin matakan daga baya, sai dai al'adar da ta tsaya wata da watanni ba ta tashi rana ɗaya.

Abin da ya fi kai wa biki kansa duka ya faru a farkon Fabrairun 2024, lokacin da aka tare motar 'yan kai amarya a hanyar Damari ta ƙaramar hukumar Sabuwa, aka tafi da mutum fiye da 50, mafi yawansu mata. Kai amarya shi ne ƙololuwar biki, ayarin guɗa da waƙa. Bayan irin wannan, kowane uba zai rage mutanen rakiya, ya matso da lokaci, ya hana a yi shela. A tsakiyar shekarar kuma aka sace mahaifiyar mawaƙi Dauda Kahutu Rarara daga gidanta a Kahutu ta ƙaramar hukumar Ɗanja, ta shafe makonni kafin ta kuɓuta. Saƙon da ƙananan mawaƙa suka karanta a ciki ba ya buƙatar fassara: idan suna da kusanci da manya ba su kare gidan wannan ba, sunan da suke fafutukar yi zai iya zama abin da zai jawo musu.

A nan ne wata muguwar juyawa ta faru. Aikin mawaƙin Hausa shi ne ya faɗi wanda ke da shi. Yana ƙirga shanun mutum da buhunan masararsa da motocinsa, mai abin yana murmushi yana ƙara liƙi. A garin da ake zargin akwai masu kai wa 'yan bindiga rahoto, wannan yabon ya zama jerin sunayen waɗanda za a iya neman kuɗin fansa a kansu. Attajirin ƙauye ya koyi sa tsohuwar riga. Wasu sun kwashe iyalansu zuwa Funtuwa da Zariya da Katsina. Wanda ya rage yana iya kiran sanƙira gefe ya ba shi abin da zai ba shi, da sharaɗin kada a ambace shi. Kyautar da ba a shelanta ba kuwa ba ta jawo wata, domin gasa ce ke tafiyar da fili.

Aljihu

Ko da babu bindiga, lissafin ya yi tsauri. Janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 ya ɗaga litar fetur daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Ƙungiyar da ke biyan mota da janareta tana shan wannan ta fuska biyu. Idan kuma hanya ta kusa ba ta biyuwa sai an yi zagaye ta Funtuwa ko Malumfashi, kuɗin ya sake hawa.

Canjin takardun naira a farkon 2023 ya nuna yadda sana'ar ta rataya a kan tsabar kuɗi. Ana iya tura wa mawaƙi kuɗi ta waya, kuma a birni ana yi. Amma liƙi abin kallo ne, ana yin sa don a gani, kuma ƙarar shigowar kuɗi a wayar sanƙira ba ta tayar da kishin kowa. Ga kuma sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007, wanda ya haramta watsa naira ko taka ta a wurin biki, da hukuncin ɗaurin wata shida ko tarar naira 50,000 ko duka biyu. Dokar ta daɗe tana barci, daga baya hukumar EFCC ta fara gurfanar da mutane a kanta. Kare martabar kuɗin ƙasa abu ne mai kyau. Sai dai ba a zauna da masu wannan sana'a an fitar musu da hanyar karɓar kyauta a fili wadda ba ta saɓa doka ba, alhali abu ne mai sauƙi: faranti ko ƙwarya a gaban sanƙira, a ajiye a shelanta.

Abin da masu ja za su ce

Za a ce a yankin da ake binne mutane ana sayar da gona don biyan fansa, kukan makaɗi kukan daɗi ne. Gaskiya ne cewa rai yana gaba da kiɗa, kuma babu mai hankalin da zai nemi a ɗauke soja daga gadin makaranta a kai shi gadin kalangu. Amma biki ba na makaɗi kaɗai ba ne. Tela da mai lalle da mai waina da mahauci da mai hayar kujeru da ɗan acaɓa duk a ranar suke samu. Ranar biki ce kuma dangi na garuruwa daban-daban ke haɗuwa, a sasanta masu gaba, a ga yarinyar da za a nema wa wani. A wuraren da Bahaushe da Bafillace suka daina haɗuwa a kasuwa da filin wasa, kowa ya koma jin labarin ɗan'uwansa daga bakin mai zuga. Filin da aka rufe saboda rikici, rufewarsa tana ƙara wa rikicin itace.

Za a ce kuma wasu malamai ba su yarda da kiɗa ba, don haka raguwarsa ba asara ba ce. Wannan muhawara ta girmi kowa da ke raye, kuma tana da wurinta a zaure da makaranta da mumbari. Amma wanda ya bar kiɗa don wa'azi ya ratsa shi daban yake da wanda ya bari don tsoron harsashi. Hanyar da ta gagari mai kalangu ita ce ta gagari mai wa'azin da ke yawon ƙauyuka da sha'irin da ke zuwa maulidi da almajirin da ke tafiya neman karatu. Ba a taɓa samun hanyar da ke tsare wa ɗaya ta buɗe wa ɗaya ba.

Hujja ta uku ta fi ƙarfi: cewa zamani ya riga ya wuce da yawon ƙauye, mawaƙin yau yana shiga situdiyo a Kano ko Kaduna, ya saki waƙa a YouTube da TikTok, duniya ta ji. Ga masu waƙar fiyano wannan gaskiya ne har wani matsayi, ko da yake su ma mafi yawansu daga wasan biki da taron siyasa suke samun abin kashewa. Ga makaɗin gargajiya kuwa, fili ne makaranta. Yaro yana fara ɗaukar ganga, ya koma amshi, ya shekara yana kallon yadda jagora ke karanta fuskar taro, yadda yake ƙirƙirar baiti nan take idan baƙo ya shigo, yadda yake zambo ba tare da ya jawo faɗa ba. Ba a koyon wannan a ɗaki mai kwandishan. Idan aka yi shekara goma ba a fita ba, tsofaffi za su mutu da abin da suka sani, yaran kuma sun riga sun koma acaɓa ko cin rani a Abuja da Legas.

Akwai kuma zargin da ba a cika faɗa da ƙarfi ba: cewa wasu makaɗa suna shiga daji su yi wa 'yan bindiga wasa, kuma waƙoƙin yabon jagororinsu suna yawo a wayoyi. Wannan ya faru, kuma abin ƙyama ne. Waƙar da ta mai da mai kisa gwarzo tana ɗaukar masa sababbin yara. Tarihin waƙar Hausa ya san irin wannan tun zamanin Kassu Zurmi da Gambu, waɗanda suka yi wa ɓarayi waƙa, sai dai ɓarawon wancan lokaci bai ƙona gari ba. Abin lura shi ne, idan duk masu halal suka ɓoye dukiyarsu, mutum ɗaya ne ya rage a yankin da ba ya tsoron a kira sunansa da ƙarfi, kuma shi ne mai bindiga. Hukunta mai yabonsa daidai ne. Buɗe wa sauran makaɗa filin halal shi ne abin da zai hana a samu magajinsa.

Abin da za a iya yi

Mali ta ga ƙarshen wannan hanya. A 2012 ƙungiyoyin da suka mamaye arewacin ƙasar suka haramta kiɗa, mawaƙan Timbuktu da Gao suka tsere zuwa Bamako da ƙasashen waje, bikin kiɗan hamada da ake yi kusa da Timbuktu kuma bai sake zama a gidansa ba tun daga watan Janairun shekarar. A can da doka aka hana, duniya ta gani ta yi magana. A kudancin Katsina babu wanda ya hana, abin yana ƙafewa ne a hankali kamar tafki da rani, shi ya sa babu mai ƙirga shi.

Matakin farko shi ne a ƙirga. Hukumar tarihi da al'adu ta jihar, tare da sassan Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, za su iya bin ƙananan hukumomin nan su rubuta makaɗan da suka rage, inda suka koma, da abin da suke kaɗawa, su naɗi muryoyin tsofaffin tun suna da numfashi. Aiki ne da bai kai kuɗin kwalbati ɗaya ba.

Na biyu, shaida. Katin da ƙungiyar makaɗa ta bayar, hakimi ya sa hannu, jami'an tsaro suka san da shi, zai rage wulaƙancin shinge, ya kuma bambanta mai sana'a da mai fakewa da ita.

Na uku, fili. Rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a watan Oktoban 2023 'ya'yan garuruwan ne, sun san lungunansu. Idan ana iya tsare kasuwa ranar cinta, ana iya tsare dandali a hedikwatar gunduma sau ɗaya a wata bayan kaka, a yi dambe da kokawa da kiɗa, a fara da rana, a riƙa matsawa zuwa dare gwargwadon yadda hankali ya kwanta. Masu hannu da shuni 'yan asalin yankin da ke Abuja da Kaduna da Kano, waɗanda ke kashe miliyoyi a ɗakunan biki, su ma suna da rawar takawa: gayyato makaɗan garinsu zuwa inda suke, a biya su kamar yadda ake biyan mai fiyano.

A 2025 an yi zaman sulhu da 'yan bindiga a ƙananan hukumomi da dama na jihar, har da Faskari. Mutane sun rabu a kansa, wasu na ganin numfashi ne, wasu na ganin miƙa wuya ne, kuma kowane ɓangare yana da gawarwakin da yake tunawa. Hotunan musabaha ba za su raba wannan gardama ba. Abin da zai raba ta shi ne kaka mai zuwa da wadda ke bayanta: ko manomin Sabuwa zai yarda a kira yawan buhunansa a lasifika, ko uba a Damari zai bar mata hamsin su raka 'yarsa da guɗa, ko jagoran makaɗa zai karɓi goron wani ƙauye a bayan 'Yankara ba tare da ya kira mutum biyar ba.

Ranar da aka tashi wasa a Faskari da ƙarfe biyun dare, aka yi rabo a zaure da ƙofa a buɗe, masu kalangu suka rataye gangunansu suka yi barci har rana ta fito, ranar ce gwamnati za ta iya cewa ta gama aikinta a wannan hanya.